Ranar da Na Zauna a Motar Babanku

Waɗanda suke tsaye kusa da motar a ranar, ban da 'yan kallo da suka ɗare katanga, mu shida ne. Akwai ni. Akwai babanku, wanda kun san bakina ba ya kama sunansa tunda shi ne ɗana na fari. Akwai uwarku Bilkisu. Akwai Malam Idi mai walda, mutumin Damagaram, Allah ya jiƙansa. Akwai Sani Dogo abokin babanku, wanda har yau in ya gan ni sai ya dafe ƙugu ya yi ƙarar karyewar ƙarfe da bakinsa. Sai Alhaji mai siton da aka yi abin a harabarsa, can Chalawa, shi ma ƙasa ta rufe masa ido. Akwai ta bakwai, amma a lokacin ba wanda ya lissafa da ita sai ni kaɗai. Ke ce, Ummi. Kina cikin uwarki, ba ki fi wata uku ba.

Na sa jikata Nafisa ta ɗauki biro ne saboda labarin nan ya rabu biyu a gidan nan, kuma duka biyun ba gaskiya ba ne. Wasunku sun taso suna jin cewa Inna ta tsani motar, ta yi shiru sai ranar tsere ta je ta karya ta da gangan. Matan unguwa kuma sun ce nuna mini aka yi a mafarki cewa motar za ta halaka mutum. Ban yi mafarki ba. Ban kuma tsani motar ba, ko da yake ban taɓa yabonta a gabansu ba. Ku saurara ku ji yadda aka yi.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Abin da na sani a bakin tukunya na koye shi. Tun kakanku yana aiki a masaƙa a Bompai, har aka rufe ta, har ya rasu, ina sayar da abinci a ƙofar wani kamfanin jima a Chalawa, cikin warin fatar nan da in ya kama zani sai an wanke sau biyu. Ma'aikaci in ya zauna a bencina ba sai ya yi magana ba. Wanda ya ce a rage masa mai na san cikinsa ya fara ciwo. Wanda ya cinye ya tsaya yana kallon tukunya na san bai karya ba. Wanda ya zo yana juya cokali a shinkafa bai kai baki ba, kafin mako ya fita za ka ji an sallame shi. Fuskar mutum tana iya ruɗa ta, amma kwanonsa bai taɓa ruɗa ta ba. Da ƙafa ta fara ciwo na bar sana'ar na zauna a gida a Sharaɗa, idon dai bai bar aikinsa ba, sai ya koma kan mutanen gidana.

A shekarar da nake ba ku labari babanku yana gyaran injina a wani kamfanin robobi nan Sharaɗa, mako guda aikin safe, mako guda na yamma. In ya tashi ba ya zama, sai ya wuce rumfar bayan gida, inda kajina suke kwana a da. A nan suke haɗuwa da Sani Dogo da Malam Idi suna ƙera mota. Mota ce marar fetur, batir take ci, ba ta ɗaukar kowa sai mai janta, shi ma a kishingiɗe kamar mai jinya. Tayoyinta na keke ne. Ƙasusuwanta bututun alminiyam ne da suka tsinto wurin 'yan gwangwan. Kujerarta kuwa kujerar roba ce irin ta gidan biki, aka yanke mata ƙafafu. Batir ɗin aikin uwarku ne, don ita ta koyi aikin sola tun kafin aure. Sai ta zauna a tsakar gida da tire cike da ƙananan batura da aka ciro daga matattun kwamfutoci, tana gwada su ɗaya bayan ɗaya da 'yar mitarta kamar mai tsintar wake, mai rai nan, matacce can. Masu ran ta jera su ta ɗinke da waya a cikin wani akwati, aka ɗaure shi daidai bayan kujerar.

Ciwonsu ɗaya ne, nauyi. Sun aro wani tsohon sikeli irin na auna buhunan riɗi suka girke a ƙofar rumfa, ba abin da ake ɗaura wa motar nan sai ya hau shi. Noti in ya yi tsawo a yanke. Fenti ma sun ƙi shafa mata wai nauyi ne. Da suka rasa abin ragewa sai Sani Dogo ya ɗauko injin huji ya hau bututun yana hudawa, huji kusa da huji, har ƙarfen ya koma kamar sarewa. Ranar da na fara leƙa ta sosai na kai musu fura ne.

"Wannan makara ce kuka sa wa taya?" na ce.

Malam Idi ya ɗaga gilashin waldarsa. Kun san tsakanin Kanawa da Damagarawa ba a raga wa juna. Ya ce, "Ke Bakanuwa, me kika sani ban da ludayi? In an gama ke za mu fara kaiwa kasuwar Kurmi a ciki."

"Ka fara kai 'yan garinku, su da in sun ga taya sai sun yi mata sallama."

Ya yi dariya har da tari. Amma ina juyawa na ji ya sauke murya yana cewa, "Dogo, ka bar wa ƙarfen nan abin da zai riƙe kansa mana." Babanku ya ce ai ta 'yan Bompai ta fi tasu rashin nauyi, an gaya masa mutum biyu suna ɗaga ta da hannu ɗaiɗai. Injin huji ya ci gaba da kuka.

Abin da ya sa suka ɗauki abin da zafi, garejoji uku ne suka yi alkawarin tsere, namu na Sharaɗa, da na Bompai, da wani na Na'ibawa. Alhaji mai sito ya ce a yi a harabarsa ran Lahadi da babu manyan motoci, kuma duk waɗanda suka ci zai ba su kusurwa guda a cikin siton, da wuta, su yi aikinsu. Babanku wannan kusurwar yake mafarki. Yana so ya bar tsayuwa a gindin injin kamfani. Da aka zo maganar wanda zai ja, sai kowa ya hau sikeli. Dogo ƙafarsa ma ba ta shiga. Babanku ni ya gado a jiki, ya yi nauyi. Malam Idi ya ce shi ya girmi gudu. Bilkisu ta hau tana dariya, allurar sikelin ta ɗan motsa ta tsaya, suka kalli juna. Ita ta fi kowa rashin nauyi, ita kuma ta fi kowa sanin halin batir ɗin. Haka ta fara koyo da sassafen Lahadi a titunan kamfanoni kafin mutane su fito. Takan dawo fuskarta tana haske. Shekararta huɗu a gidan nan ba haihuwa, kuma kun san bakin mutane. Ni ban taɓa ce mata uffan a kai ba, amma ina ganin yadda take shiga gidan suna da kai a ƙasa. Motar nan ce ta ɗago mata kai. Shi ya sa na ce muku ban tsane ta ba.

Saura mako uku a yi tseren na fara ganin abu. Ta daina tsayawa a kicin in ana soya albasa. Ta fara ture kifi gefen kwano ta rufe da tuwo don kada in gani. Tsamiyar da nake ajiyewa a ƙwarya ta kama raguwa. Sai na zauna na yi lissafi da ƙarar buta, don ɗakina yana kusa da wurin alwala. Wata biyu ke nan ba ta yi fashin salla ba. Ban yi guɗa ba, ban gaya wa kowa ba, na dai shiga ɗaki na yi sujada. Su kuwa mazan, da rashin cin abincin ya sa ta faɗa, murna suka yi. Ina ji Dogo yana ihu a bakin sikeli, "Ta ƙara raguwa! Wallahi 'yan Bompai sun shiga uku!" Mutum uku masu iya haɗa mota daga bola, ba wanda ya tambayi kansa me ya sa mace take ramewa.

Na same ta ita kaɗai tana goge kan batura, na zauna a turmi.

"Bilkisu, motar nan tana girgiza mutum?"

"Kaɗan ne, Inna."

"Akwai lokacin da mace ba ta son girgiza."

Ta sunkuyar da kai tana ƙanƙarar bakin tire da farce. Can ta ce, "Zagaye uku ne kawai, Inna. In an gama shi ke nan."

"Mijinki ya sani?"

"Me zan ce masa? Sau biyu ina sa masa rai abin ya zama ba komai ba. Kun ga fuskarsa a lokacin. Yanzu kuma in na janye ba su da wani mai ja, wahalarsu ta tashi a banza, ƙila ma a kan abin da babu shi."

Na ce akwai shi. Hawayenta ya ɗiga a kan tiren, ta yi sauri ta goge don kada ya taɓa batir.

Sai na gwada ta wajen babanku. Ku fahimci yadda aka raine mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, balle a ɗauki maganar cikin matarsa a kai masa da baki. Kuma ƙaramin ciki ba a ambatonsa sai ya nuna kansa. Na tare shi yana ɗaure takalmin aiki.

"A nemi wani ya ja motar nan."

"Saboda me, Inna?"

"Saboda na ce."

"Inna, in don maganar mutane ce, da hijabinta za ta hau, ga hular kwano a kai, ba ma wanda zai gane mace ce."

Kalmar tana nan a maƙogwarona kamar ƙayar kifi, ta ƙi fita ta ƙi komawa. Ya ɗan jira. Ya ce, "Ku yi haƙuri, an riga an sa rana," ya ɗauki kekensa ya fita. Ban ce tawa ce daidai ba. Da na iya buɗe baki a safiyar nan da kowa ya huta. Ku na yanzu komai kuna faɗa wa juna a waya, wataƙila kun fi mu sauƙi a nan. Ni dai ban iya ba.

Ranar Lahadin an kwana ana ruwa, gari ya waye da laima. Suka ɗora motar a kurkura mai ɗaukar kaya. Ni da ban taɓa bin su gwaji ba na cika kula da shinkafa da wake na ce zan kai musu abinci, na hau adaidaita sahu na bi bayansu. Ban fita da wata dabara a raina ba, na dai san ba zan iya zama a gida ba. Harabar siton siminti ce mai faɗi, an jera tsofaffin tayoyi an yi hanya. A daidai kwana akwai magudanar ruwa da ta ratsa filin, an rufe ta da ƙarafa, bakinta ya ɗan yi tudu. Mai jan motar 'yan Bompai ya fita gwaji. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai wani siririn kuka kamar na keken ɗinki, amma gudun ya fi abin da na zata. Da ya zo magudanar nan motar ta yi tsalle ta dire, na ga kansa ya wuntsila baya ya dawo. Na juya ina neman Bilkisu. Tana bayan kurkura a durƙushe, tana goge baki da gefen hijabi.

A daidai lokacin Alhaji ya kira mazan su je su ja tsinken ashana don a san wanda zai tsaya a gaba. Bilkisu ta miƙe tana ɗaure igiyar hular kwano. Motar tana nan a buɗe ba kowa a kanta. Na ajiye kula. Na cire takalmi. Na tattare zani, na dafa gefe, na zura ƙafa ɗaya, na zura ta biyu, na sauke jikina a kujerar robar nan kamar mai shiga kwami. 'Yan kan katanga suka fashe da dariya da shewa. Mazan suka juyo a guje.

"Inna, lafiya? Ku fito don Allah," in ji Dogo.

"Ba kun ce za ku kai ni Kurmi ba? To ga ni."

Malam Idi ya riƙe ciki yana dariya. Babanku bai yi dariya ba. Ya durƙusa a gefen taya ya yi ƙasa da murya don kada mutane su ji.

"Inna, wata bakwai muna abin nan. Ku rufa mini asiri."

"Ba inda motar nan za ta je yau."

Alhaji ya matso da carbinsa. "Hajiya, a yi haƙuri a bar yara su yi abinsu."

"Alhaji, sito naka ne, amma suruka tawa ce."

Na faɗi haka na gyara zama, don in nuna musu ba tashi zan yi ba. Sai na ji ƙas a ƙarƙashina. Kujerar ta zube ƙasa da ni, ƙafafuna suka yi sama, akwatin batir ya karkato ya doke ni a gadon baya.  Kafin kowa ya motsa Bilkisu ta miƙa hannu ta fizge babbar wayar batir ɗin, sannan ta kamo ni ta hammata za ta ɗaga.

"Kada ki kuskura ki ɗaga ni!"

Tsawar da na yi mata har Alhaji sai da ya ja baya. Mutane sun ɗauka fushi ne. Ita ta gane. Ta sake ni a hankali ta koma gefe. Dogo ne ya ciro ni da ƙyar, yana nishi yana salati. Babanku ya tsaya yana kallon motarsa ta lanƙwashe a tsakiya kamar jakin da aka yi wa lodi ya wuce kima. Ya kalle ni ya ce, "Kun huta yanzu?" Tunda na haife shi bai taɓa yi mini magana mai zafin wannan ba. Ya juya ya tafi can ƙarshen fili ya ba mu baya.

Aka yi tseren da mota biyu. Ban kalla ba, ina zaune a kan kula bayana yana zugi, ina tunanin na raba kaina da ɗana kuma ba ni da bakin da zan yi masa bayani. Ana cikin ihun 'yan Bompai sun ci sai na ga Malam Idi ya kwanta a simintin nan mai laima ya tura kai ƙarƙashin motar. Ya jima. Ya fito da guntun bututun da ya karye, ba dariya a fuskarsa, ya ƙwala wa babanku kira.

"Zo ka gani. Dogo, kai ma matso, aikinka ne."

Ya juya bakin karayar yana nuna musu da baƙin farcensa. Ya karye ne daidai tsakanin huji biyu, a ƙarƙashin kujera. Fiye da rabin bakin ya yi duhu, ɗan abin da ya rage ne yake ƙyalli.

"Wannan mai duhun tsohon tsagi ne, ya yi makonni yana ci. Wannan ɗan farin shi ne na Bakanuwa. A kansa kaɗai motar take tsaye." Ya nuna magudanar da haɓa. "Da gudu, a can, zagaye ɗaya ba zai kai ba. Kujera ta ci siminti, batir ya biyo bayan mai ja."

Dogo ya cire hula ya dafe kai. Babanku ya kalli bututun, ya kalli magudanar, ya kalli matarsa da take tsaye da hular kwano a hannu. Sai ya zauna a ƙasa cikin ruwa. Malam Idi ya juyo gare ni.

"To, Bakanuwa, yau dai tuwon da kika ci ya yi rana."

A nan ne labarin mafarki ya samo asali, don haka ku ji da kyau. Ban san da tsagin nan ba. Ko an nuna mini ƙarfen ba zan gane ba. Girgizar magudana kaɗai nake tsoro, ashe abin da ke ƙarƙashin kujerar ya fi ta. Da maganar Malam Idi ta gama shiga kaina sai wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har tafin ƙafa. Na yi hamdala ban san adadi ba. Sai na ji yunwa, irin wadda na yi mako ban ji ba. Na tashi daga kan kular na buɗe, na zuba wa kowa, har da 'yan Bompai da suka zo kallon karayar, na zuba wa kaina na ci da hannu a gaban Alhaji ban ji kunya ba.

Bayan magariba Bilkisu ta yi sallama a ƙofar ɗakina da man zafi. Na kwanta rub da ciki tana shafa mini. 

"Inna, da ba ku zauna ba da na hau."

"Na sani."

"Na ji haushinku a wurin, Allah ya gani."

"Wannan ma na sani."

"Amma da na gan ku a ciki sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka." Ta tsaya da shafar. "Na gaya masa."

"To. Gobe ya raka ki asibiti a duba. Ki danna nan, ƙasa kaɗan."

Da ta fita ba a jima ba na ji takunsa. Ya tsaya a bakin labule bai shigo ba. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Inna, yaya bayan?"

"Da sauƙi."

Ya tsaya, ya tsaya, sannan ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," muryarsa ba daidai ba. Iyakar abin da muka taɓa faɗa wa juna a kan maganar ke nan, daga ranar har yau. Ya ishe ni.

Kada ku ɗauka abin ya tafi kyauta. Kusurwar siton 'yan Bompai aka ba. Babanku ya ƙara shekara uku a gindin injin kamfani kafin ya samu nasa wurin, kuma a cikinsu ne kunnensa na hagu ya yi nauyi. In na ga ana masa magana yana juyo da na dama, na san ina da kaso a ciki, don da na yi magana tun da wuri da sun nemi wani mai ja, wataƙila da sun duba ƙarfen, wataƙila da sun ci. Uwarku ma ba ta sake shiga mota ba sai da ta yaye ki, Ummi. Ta ja sabuwar da suka ƙera, ta zo ta biyu, har yau tana cewa laifin taya ne. Ranar sunanki kuwa ina cikin mata ina rabon waina na ji maroƙi ya ɗaga murya da sunana. Ba wanda ya shawarce ni. Shi ya sa ake ce miki Ummi, don shi ma yanzu yana da sunan da bakinsa ba ya kamawa.

Amma bari in koma washegarin ranar. Na yi sallar asuba a zaune saboda bayan, rana tana fitowa na dogara sanda na nufi rumfa. Su ukun suna nan sun kewaye gawar motar. Ban gaishe su ba. Na ɗauki injin hujin Dogo na naɗe wayarsa na cusa a hammata, don a akwatina zai kwana daga ranar. Sannan na cire takalmi na hau sikelin riɗin. Allurar ta yi tafiya mai nisa kafin ta tsaya.

"Malam Idi, karanta ka rubuta a bango da alli. Manya-manya."

Ya karanta ya yi fito, ya rubuta. Ba zan gaya muku lambar ba, wanda yake so ya je ya duba, tana nan a bangon rumfa an bi ta da fenti.

"Ku sake ƙerawa," na ce. "In kun gama ni zan fara zama. Motar da ba za ta ɗauke ni ba, ba za ta ɗauki kowa daga gidan nan ba."

"To ai tirela za mu ƙera ke nan," in ji Malam Idi.

Babanku ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, ban tsaya na ga dariya ce ko wani abu ba. Na sauko, na sa takalmina, na koma kicin na jiƙa tsamiya don kunun Bilkisu.